Ranar da aka auna ƙarfina da kujera da agogo

Shekara 15 ke nan sikeli yana ba ni kilo 74, in ma ya gota da ɗaya ne ko biyu. Duk lokacin da na je a duba mini hawan jini sai ma'aikaciyar jinya ta ce in hau, ta rubuta, ta ce, "Baba, kana nan yadda kake." Ni kuwa in yi hamdala, don mai shekara 71 da bai kumbura ba, bai kuma rame ba, me zai ce in ba godiya ba? Sai dai wandunana ba su yarda da sikelin ba. A ƙugu sun matse, a cinya sun yi mini yawa.

Likitan da ke duba ni shi ya fara lura. Mun gama magana, ya rubuta magani, na dafa hannun kujera da hannu bibbiyu na yunƙura. Sai ya ce, "Baba, koma ka zauna. To sake tashi, amma kada ka dafa komai." Na tashi, amma sai da na yi lilo gaba da baya tukuna. Ya ce tun yaushe? Na ce tun zazzaɓin da ya kwantar da ni bara da damina. Ya ce a kan kujera nake salla? Na ce e, yara sun sayo mini. Ya jawo takarda ya tura ni sashen gashi da motsa gaɓoɓi, wanda aka fi sani da fisiyo, ya ce a auna masa ƙarfina da yawan tsokar jikina.

Jini, suga, ido, fitsari, duk mun saba da awonsu. Ƙarfin tsoho kuwa a wurinmu da ido ake kallonsa, a ce tsufa ne, sai haƙuri. Ashe a asibiti zaizayewar tsoka da ƙarfi saboda shekaru tana da suna, sarkofeniya. Wani likita ɗan Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya raɗa sunan a 1989, kuma sai a 2016 aka ba ta lamba a kundin cututtukan da asibitocin Amurka ke aiki da shi. Ke nan ko a can ba a daɗe da ɗaukarta a matsayin abin da ake aunawa a nemi maganinsa ba.

An ce in zo da safe, kada in cika ciki, kada kuma in haɗa da azumin Litinin, don ƙarancin ruwa a jiki yana rikita ɗaya daga cikin na'urorin. 'Yata ce ta raka ni. Na tafi da ɗan littafina da biro, don ni tsohon malamin lissafi ne, lambar da ban rubuta da hannuna ba ban cika yarda da ita ba.

Wanda ya karɓe mu saurayi ne, bai wuce sa'ar autana ba. Ya rusuna ya gaishe ni, sannan cikin ladabi ya ce in tuɓe babbar riga. Na tuɓe na ba 'yata. Sai da na ga kaina a madubin bangon ɗakin, daga ni sai 'yar shara da wando, na gane irin sirrin da babbar riga ke rufa wa dattawa. Mutum na iya zaizayewa shekara goma a cikinta, abokan majalisa ba su sani ba, su ce wane ya ƙara cika.

Da tambayoyi aka fara, guda biyar, a wata takarda da ake kira SARC-F, wadda wasu likitoci biyu na Amurka suka tsara a 2013. Kowace tambaya in babu wahala sifiri, in da 'yar wahala maki 1, in da yawa ko an kasa maki 2. Ɗaukar kaya mai nauyin kilo huɗu da rabi, ya ce misalin galan cike da ruwa. Na ce wannan ba komai. Tafiya daga wannan bango zuwa wancan, lafiya lau. Tashi daga kujera ko gado. Na ce da 'yar wahala. Hawa matattakala goma. Na ce ina hawa, sai dai da riƙe ƙarfe. Ta ƙarshe, sau nawa na faɗi a shekarar nan?

"Ban faɗi ba."

"Baba, ranar banɗaki fa?" in ji 'yata.

"Wannan ai santsi ne."

Saurayin ya ce, "Baba, ka kai ƙasa?" Na ce na kai. Ya rubuta 1. Jimilla 3, kuma sai daga 4 ake cewa akwai alama. Na fara laluben hulata, ya ce a'a, ba a gama ba. Takardar in ta kama mutum da wuya ta yi ƙarya, amma masu zille mata suna da yawa. Ban yi mamaki ba. Wane dattijon Bahaushe ne zai zauna gaban yaro, 'yarsa na gefe, ya ce na kasa? Da a ce tambaya kaɗai ake yi, da rabin majalisarmu sun ci jarrabawar, har da masu sanda.

Daga nan ya buɗe akwati ya fito da wani ƙarfe mai mariƙi, da fuskar agogo a kansa, sunansa Jamar. Ya zaunar da ni, ƙafafu a ƙasa, gwiwar hannu a lanƙwashe kusa da haƙarƙari, ya daidaita mariƙin da faɗin tafina, ya ce in matse iya ƙarfina. Abin da ya ɗaure mini kai, ƙarfen ba ya bin hannu. Kana matsawa ba ka jin ya motsa, sai ka ɗauka ba ka yi komai ba, alhali allurar na tafiya. Shi kuma ga shi a kaina yana, "Matsa, Baba! Ƙara! Ƙara!" Na ce ɗana, ni fa ba kurma ba ne. Ya yi dariya ya ce ihun ma yana cikin ƙa'ida, kowa haka ake yi masa, don in an zuga wani ba a zuga wani ba, ba za a iya gwama sakamakonsu ba. Sau uku kowane hannu, ana musanyawa, a ɗauki mafi girma. Dama ta ba da kilo 29, hagu 26.

Na ce to na ci ko na faɗi? Ya ce ya danganta da littafin da aka buɗe. Ƙungiyar likitocin Turai masu nazarin wannan ciwo ta fitar da ƙa'ida a 2010, ta ce namijin da damƙarsa ta gaza kilo 30 ya raunana. A gyaran da suka wallafa a 2019 suka sauko da ita zuwa 27. Takwarorinsu na Asiya, a tasu ƙa'idar ta 2019, suka tsaya a 28. Wato da kafin 2019 na zo da wannan hannu, da an ce ya raunana. Yau kuwa na tsallake da kilo biyu.

Wannan ya dame ni, har na tambayi inda aka samo 27 ɗin. Daga Birtaniya ne. An tattara awon mutum kusan 50,000 daga bincike 12, aka duba ƙarfin samari lokacin da suke kan ganiyarsu, aka ja layi can ƙasa da shi. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma manomin da ya shekara hamsin yana riƙe da fartanya, da ni da na shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, da Baturen Landan, ba daga tudu ɗaya muka fara gangarowa ba. Manomin na iya rasa kashi uku cikin goma na ƙarfinsa har yanzu allurar ta nuna 32, a ce masa lafiyarsa ƙalau, alhali shi ya san buhun da yake saɓawa da, yanzu sai an ɗora masa. Saurayin ya ce an fara aiki a nahiyarmu. A yankin Kiyang ta Yamma a Gambiya an auna ƙashi da tsokar tsofaffin ƙauye da na'urori na zamani, kuma a asibitin koyarwa na Ibadan, inda aka buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012, an yi bincike a kan masu zuwa asibitin. Amma shi dai da ma'aunin Turai yake aiki, yana leƙa na Asiya, yana kuma sa hankali.

Duk da haka hannun ba abin wasa ba ne. A 2015 aka wallafa wani babban bincike da ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, har da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Aka ga duk raguwar kilo 5 a damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa a shekarun da aka bi su, kuma a wannan hasashen ta fi lambar sama ta awon hawan jini. Ba raunin hannun ke kisa ba, labarin sauran jiki yake bayarwa. Ni da nake biyan kuɗin mota duk wata don a ɗaura mini igiyar awon jini, ba wanda ya taɓa ce mini matse nan.

Sai kujera. Ita ce ta tona ni.

Kujera ce ta katako marar hannu, tsayinta daga ƙasa santimita 43 ko kusa da haka, an jingina ta da bango don kada ta zame. Ya ce in rungume hannuwana a ƙirji, in tashi tsaye cak, in koma in zauna, sau biyar, da iya saurina. Ya tsaya a gefena, hannu ɗaya riƙe da agogo, ɗayan a bayana ba tare da ya taɓa ni ba. Na farko da na biyu sun tafi lafiya, har na ji a raina wannan ai raini ne. A na uku cinyoyina suka fara rawa. A na huɗu ba zama na yi ba, faɗawa na yi, kujerar ta yi ƙara. Na biyar sai da na sunkuyo har kaina ya wuce gwiwa, na ce "Ya Allah," sannan na miƙe. Hannuwana kuwa tun daga na uku suke ƙoƙarin kuɓucewa su dafa cinya, da ƙyar na tsare su.

Sakan 16.2. Layin Turawa 15, na Asiya 12. A nan ba sauran littafin da zan fake da shi.

Na zauna ina haki, 'yata ta kau da kai tana gyara mayafi. Saurayin bai ce sannu ba, kuma na ji daɗin haka. Ya ba ni ruwa, ya ce yawanci ƙafa tana riga hannu tafiya, shi ya sa ba ya tsayawa a ƙarfen matsawa kaɗai. Hannu kullum cikin aiki yake, ko buɗe ƙofa ne, ko murɗa famfo, ko musabaha. Cinya kuwa in ba a ɗora mata nauyin jiki ba, ba abin da ke sa ta aiki.

Sauran gwajin jikin bai ɗauki lokaci ba. Tsayuwa ƙafa a haɗe sakan 10, na yi. Ƙafa ɗaya ta ɗan gota ɗaya, na yi. Dunduniya a gaban yatsu, layi ɗaya, a sakan na 7 na yi taga-taga ya tare ni. Sannan tafiya mita 4 tsakanin layuka biyu da aka manna a daɓe, ya ce in yi irin tafiyar da nake yi in za ni masallaci. Na ce wace daga ciki, in an yi kira ko in an ta da iƙama? Ya ce ta farko. Sakan 4.4, na raba da kaina: mita 0.91 a sakan guda. Turawa suna damuwa daga 0.8 zuwa ƙasa, 'yan Asiya daga ƙasa da 1.0. A nan ma ina da ja. Dattijo a garinmu ba ya sauri a titi ko da yana iyawa, a ce me ya koro shi? Tafiyar nutsuwa da muka koya tun muna magidanta za ta iya cin mutum tara a gaban agogo. Da aka haɗa tsayuwa da tafiya da kujera, maki 9 na samu cikin 12.

Ya durƙusa ya naɗe mini ƙafar wando, ya zagaya sharaɓata da tef irin na tela, daidai inda ta fi kauri. Santimita 33.5. Wasu na ja layi a 31, na Asiya a 34 ga maza. Kafin ya auna sai da ya danna ƙaurina da yatsa ya jira ya ga ko zai lotsa, don mai kumburin ƙafa tef zai ba shi tsokar da ba shi da ita.

Na'urar ƙarshe ta yi kama da sikeli mai hannuwa biyu. Ya fara tambaya ko an dasa mini abin daidaita bugun zuciya a ƙirji, don masu shi ba sa hawa. Ana tsayawa ba takalmi a kan faranten ƙarfe, a riƙe mariƙai, ta tura wata 'yar wutar lantarki da ba a ji ta ratsa jiki. Tsoka cike take da ruwa, wuta na wucewa cikinta da sauƙi. Kitse kuwa tare ta yake yi. Daga nan na'urar ke ƙiyasta rabon kowanne. Karon farko ta ƙi karantawa. Lokacin hunturu ne, kaushin tafin ƙafata ya hana wutar shiga, sai da aka goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ta ce tsokar hannuwa da ƙafafuna kilo 21.3. Ana raba wannan da tsawon mutum sau kansa. Tsawona mita 1.72, sau kansa 2.96, amsa 7.2. Layin maza 7.0, na tsallake da ƙyar. Saurayin ya ce kada in riƙe wannan lamba da ƙarfi, ƙiyasi ne, kuma lissafin da aka zuba wa na'urar daga jikin wasu al'ummu aka samo shi. Wadda ta fi ta ita ce DXA, gadon da ake kwanciya wani hannu ya bi ta kan mutum da hasken hoton ƙashi marar ƙarfi, ya ware ƙashi da kitse da tsoka. Ba ko'ina ake samunta ba, kuma da tsada. Na ce in an yi, maganin zai canza? Ya ce a'a. Na ce to a bar wa fansho kuɗinsa.

Ga yadda ya yanke hukunci. A ƙa'idar 2019 ƙarfi ake fara dubawa. In ya gaza, a ce akwai yiwuwar ciwon, kuma wannan ya isa a fara aiki. In tsoka ma ta gaza, ya tabbata. In tafiya ta lalace a kan haka, ya yi tsanani. Ni a matakin farko nake, kujera ta kama ni, tsoka na bakin layi.

Na ce yaya za a yi ƙarfi ya tafi alhali tsokar na nan? Ya ce ai haka abin yake. Wani bincike da aka yi a Amurka kan 'yan shekara 70 zuwa 79, aka wallafa a 2006, ya nuna tsokar ƙafa na raguwa da misalin kashi 1 cikin ɗari a shekara, ƙarfinta kuwa ya ninka haka kusan sau uku, kuma maza sun fi mata saurin asara. Zaruruwan tsoka iri biyu ne, akwai masu juriya, akwai masu zafin nama, waɗanda ke taro mutum in ya yi tuntuɓe. Masu zafin naman su ke fara ƙanƙancewa. Jijiyoyin da ke kawo musu saƙo daga laka suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kitse kuma yana ratsa cikin tsokar kanta, wani ya taru a ciki. A nan na gane rigimar wandona da sikeli. Buhun gero ne aka riƙa ɗibar tsaba ana cikawa da yashi. A kan sikeli yana nan yadda yake, sai an zo girki.

Da ya tambayi yadda rayuwata ta kasance tun bayan zazzaɓin, 'yata ce ta riƙa amsawa, da alfaharinta kuwa. Sun sa mini masai na zama a maimakon na tsugunno. Sun ɗauke tabarmar zaure sun kawo kushin. An sa jika ɗaya ba shi da aiki sai ɗaukar mini buta da darduma. Masallacin Juma'a da nake takawa, yanzu da mota. Gonata ta bayan gari an ba wani haya. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma kun hutar da Baba fiye da kima." Ya ba mu labarin wani gwaji na 2007, inda tsofaffi masu lafiya, 'yan wajen shekara 67, suka yarda aka kwantar da su kwana 10 a gado. Sun tashi sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa, da wajen kashi 16 cikin ɗari na ƙarfin gwiwa. Saurayi in ya yi irin wannan kwanciya ba ya rasa haka, kuma da wuri yake maidowa. Tsoho in ba a tashe shi da gangan ba, a nan yake tsayawa, sai ciwo na gaba ya zo ya ƙara ɗiba.

Wannan magana ta fi duk lambobin zama mini a rai. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kada su ga babba da kaya su ƙyale shi, kuma ba na fatan ranar da za a daina. Amma "kawo, Baba" da "zauna, Baba" in sun yi yawa, ƙafa suke ci. Ni kaina na yi wa mahaifina haka, Allah ya jiƙansa, kuma kowa ya yaba mini.

Maganar kujerar salla da taka-tsantsan ya taɓo ta. Ya ce shi ba malami ba ne, kuma ya san hadisin da ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Wanda gwiwarsa ta lalace ko jiri ke ɗibarsa, kujera rahama ce. Shi dai lissafi yake so in yi: raka'a 17 na farilla, tashi 17 ke nan daga ƙasa kowace rana, ban da nafila. Na cire wannan gaba ɗaya shekara guda, ban sa komai a gurbinsa ba. Gwiwata kuwa da ya lanƙwasa ta ya miƙe, ya ce ba ta da wani laifi mai yawa. Ban koma ƙasa ba ne kawai bayan na warke, don kujerar tana nan.

Na ce wa 'yata ta je ta duba ko direba na nan. Da ta fita na tambaye shi allurar nan ta sinadarin maza da ake ta magana a majalisa. Ya ce gaskiya ne sinadarin na raguwa a hankali da shekaru, kuma yana da hannu a ginin tsoka. Amma ba a ba da shi sai gwajin jini ya nuna ƙaranci na haƙiƙa, kuma likita ke bayarwa. A 2010 an wallafa labarin wani gwaji da aka dakatar a Amurka kan tsofaffin maza masu wahalar tafiya, saboda matsalar zuciya ta fi yawa cikin waɗanda aka ba su. Har yau babu ƙwaya ko allurar da aka amince da ita a matsayin maganin wannan ciwo. Na masu lasifika a tasha kuwa, ya ce da hawan jinina kada ko kusa.

Abin da ke aiki ɗaukar nauyi ne. Na ce a shekara 71? Ya ce a 1990 an wallafa gwajin da aka yi a wani gidan tsofaffi a Boston, mutum 10, ƙaraminsu ɗan 86, babbansu ɗan 96. Mako 8 suna ɗaga nauyi da ƙafa, sau uku a mako. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. Na sa ya maimaita lambar kafin na rubuta.

Ya rubuta mini aiki na kwana uku a mako: tashi da zama a kujera ba dafawa, ɗaga dunduniya ina riƙe da bango, hawa da sauka a matattakala ɗaya, jan wata roba mai tauri, da tsayuwa a ƙafa ɗaya kusa da abin kamawa. Sharaɗin shi ne na ƙarshe-ƙarshen su yi wuya. In sun yi sauƙi a ƙara nauyi, in rungumi galan na ruwa. Tafiya da ƙafa tana da kyau ga zuciya, in ji shi, amma ita kaɗai ba ta gina cinya.

Abinci kuwa sai da likita ya duba suga da ƙoda tukuna, don mai ciwon ƙoda ba a ƙara masa furotin, wato sinadarin gina jiki, kai tsaye. Da suka fito lafiya aka ce in nemi gram 1.0 zuwa 1.2 a kowane kilo na nauyina, wato 74 zuwa 89 a rana, a raba sau uku, kada a tara wa dare. Da muka lissafa cimata, koko da safe, fura da rana, tuwo da dare da 'yar tsoka ɗaya da nake miƙa wa jika, da ƙyar ta wuce rabi. Ƙwai ɗaya gram 6 ne, kofin dafaffen wake wajen 13. Nama kullum ba na ɗan fansho ba ne, don haka ƙosai ya dawo gefen koko, kindirmo ya ƙaru a fura, awara da alala da ƙuli-ƙuli suka shigo, kifi in an samu. Uwargida ta hana jikoki zama kusa da kwanona.

Makon farko cinyoyina sun yi tsami har na yi tunanin bari, aka ce haka yake, in dai ba a cikin gaɓa zafin yake ba. Jikan da aka ɗora wa buta ya koma mai riƙe agogo, kuma ba ya sassauci.

Bayan wata huɗu na koma, da safe, na'ura ɗaya, kujera ɗaya, don in an canza su ba a san ko mutum ne ya canza ko ma'auni ba. Kujera sakan 12.9. Mita 4 a sakan 4.0. Dunduniya a gaban yatsu na cika 10. Hannun dama 30. Sharaɓa tana nan 33.5, na'urar lantarki ta ce 7.3, wanda ya ce kada in yi murna da shi, kofin ruwa ma na iya kawo wannan bambanci. Ƙarfin farko daga jijiyoyi yake zuwa, sun koyi tayar da zaruruwan da suka yi barci. Tsokar kanta a hankali take ƙaruwa, ga tsoho ma wani lokaci riƙe wadda ke akwai shi ne ribar. Asuba da magariba da isha yanzu a ƙasa nake yinsu. Ranar da jiki ya ƙi, kujerar na nan, ban kuma jin kunyarta.

Hannun hagu ne ya ƙi tafiya da sauran, ya ma sauka zuwa 25. Saurayin ya juya shi, ya dube shi, ya ga naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya fi na dama faɗawa. Ya tambaya ko ina jin dindiris a ƙaramin yatsa. Na ce da daddare, musamman in na kwana da hannun a lanƙwashe. Ya ce zaizayewar tsufa ba ta zaɓar gefe ɗaya, wannan ya fi kama da jijiyar da ta matsu a gwiwar hannu ko a wuya, kuma ba aikin galan da roba ba ne. Ya rubuta wa likitan takarda. Ranar Laraba za ni.